Hannun Mai Katifa

"A hankali, Dogo! Matashin kai ne, ba buhun gyaɗa ba."

Malam Cindo ke nan, maƙwabcina, yana kwance a zaurensa yana kallona ina cusa audugar rimi a matashin da zai tallafe masa baya. Shekarar da motoci suka koma hannun dama ce, tari ya kwantar da shi tun kaka. Turanci ya koyar a Gumel har ya yi ritaya, ciwo kuma bai raba shi da halin ba. Ni kuwa ɗinkin katifa ne sana'ata, ko bihim ban sani ba.

"Wannan da kake yi, Bature ya ce masa sitof," in ji shi. "Wato tura abu da ƙarfin tsiya. In zare ka zura a allura, insat ne. Sai kuma tok." Ya tsaya ya numfasa. "Shi ne uwa ta soke gefen mayafi ƙarƙashin ɗanta, don kada iska ta shiga."

"To Malam, in na haddace su, direbobin Maigatari za su ƙara sayen katifa?"

Ya yi dariya har tarin ya taso. Da ya lafa sai ya kama tsintsiyar hannuna.

"Ba ni da ɗa, Dogo. Dangina suna Damagaram, kafin labari ya isa an rufe ni. Kai za ka yi mini sutura. Hannun nan naka kawai nake tsoro."

Da raha ya faɗa, amma ta tsaya mini a rai. Na dubi tafina, duk kanta. Ko 'ya'yana, Adda matata ba ta yarda in ɗauke su suna jarirai.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Liman Bappa yana zuba ruwa, ina wankewa, ina kukan da ban yi wa ubana ba. Sai aka zo sa masa auduga a hanci. Na yagi 'yar kaɗan, na murza, na sa kamar zai ji zafi.

Muka naɗe shi, sai likkafanin ya saki wajen kafaɗa. Liman ya miƙa hannu zai ja.

"Bari, Allah gafarta Malam," na ce.

Na ɗaga kafaɗar, na soke gefen ƙarƙashinta, na shafe shi da tafina har ya kwanta luf.