Guɗar da Gwaggo Tabawa Ta Haɗiye

Gwaggo Tabawa mai sayar da atamfa a kasuwar Adjamé ta yi suna a guɗa. In ta kama hanci ta rangaɗa, har masu turin amalanke sai sun waiwayo. Duk bikin Hausawa daga Adjamé zuwa Treichville ita ke farawa, sauran mata su bi.

Bushira, 'yar ƙanenta, Ingilishi take koyarwa a Belleville. Ta taɓa gayyatar wata Baturiya abokiyar aikinta wurin suna, da Tabawa ta rangaɗa guɗa matar ta toshe kunne ta ce muryar nan strident ce. Bushira ta san kalmar tun a Faransanci, amma ba ta taɓa jin an liƙa wa gwaggonta ba. Ta ji kunya ƙwarai, ta koma gida ta buɗe ƙamus.

Da aurenta ya matso, ita da Tabawa suna cikin jirgin ruwan da suka hau a tashar Treichville, ta tayar da maganar.

"Gwaggo, daga Latin Turawa suka samo kalmar. Asalinta kukan ƙyaure mai tsatsa, ko zarto a kan ƙarfe. Duk ƙarar da ke soka kunne."

"To, malama, sai aka yi yaya?"

"Dangin angon duk 'yan boko ne. Pardon, Gwaggo, ranar kai ni a bar guɗar."

Tabawa ta ɗan kalli ruwa. "An bari."

Ranar kai amarya mata suka tsaya a ƙofar gidan ango, kowa na duban bakin Tabawa. Ita kuwa ta gyara gyale ta yi gum. Ba mai shiga gaban gwaggo a irin wannan, don haka aka shigar da Bushira shiru, ba abin da ake ji sai takun takalma. Bushira ta yi ajiyar zuciya a ƙarƙashin lulluɓi, a ganinta ta fita kunya.

Kafin mako ya zagayo, magana ta cika layin masu atamfa. Matar da ke yi wa 'ya'yan wasu guɗa har muryarta ta dushe, ta ƙi yi wa tata? Lallai akwai abin da ta sani. Duk wadda ta tambaye ta, Tabawa ba ta ɗaga kai daga ninkin zane, sai ta ce a tambayi amarya.

A kwana na tara uwar ango, wadda aka yi shirun dominta, ta aiko gidansu Bushira, wai a faɗa mata abin da ake ɓoyewa game da yarinyar.