Faifan da Ya Rage

Ranar da kwamfutar ta fara kuka, shayi ne a hannuna. Na kunna ta kamar kullum, sai ta saki wata ƙara siririya mai shiga kunne, jan rubutu ya fito a allo. Na ajiye kofin a gefe, na ce mata, "Ke ma yau da naki salon kika tashi?"

Kwamfutar mijina ce, Allah ya jiƙansa. Ba a haɗe ya sayo ta ba, shi ya harhaɗa abarsa bayan ya yi ritaya. Yau ya shigo da fanka a leda, gobe da wani koren allo mai ƙananan layuka. Teburin da nake yankan ɗinki a kai ya ƙwace mini, na yi faɗa har na gaji, ko a jikinsa. Tsohuwa yake ce mini, ni kuma in ce masa Tsoho, tun kanmu bai san furfura ba.

Yana da wata ɗabi'a mai ban haushi. Kowace safiya sai ya gwada makirfo, wai kada ya lalace don zama. Ya gyara murya ya ce, "Ɗaya, biyu. Ana ji na?" Daga nan ya yi ta surutu shi kaɗai, a kan ruwan sama, a kan ciwon gwiwarsa, a kan akuyar maƙwabta. Kwamfutar tana ɗauka, shi kuwa bai taɓa goge ko ɗaya ba. Bayan rasuwarsa na gano su jibge a wuri guda. Hotunansa muna da su, amma hoto ba ya tari, ba ya dariya. Muryarsa a cikin akwatin nan kaɗai ta rage, kuma ita nake fara ji kafin in ji ta kowa, idan ma akwai wani da zan ji ɗin.

Na kira Auta, 'yarmu, wadda aiki ya kai ta wata uwa duniya.

"Umma, ina tsakiyar aiki wallahi. Ki sa a kai ta shago mana."

"Wa zan sa?"

Ta ce za ta kira ni anjima. Na san anjimar Auta.

Na ɗauki hoton jan rubutun da waya, na yafa mayafi, na tafi wurin mai shagon da Tsoho ke sayen tarkacensa. Ya duba hoton, ya ce, "Mama, maigidanki ya yi dabara. Faifan ajiya biyu ya sa mata, tagwaye. Duk abin da ɗaya ya ajiye, ɗayan ma ya ajiye. Yanzu ɗaya ya mutu, saura ɗaya, shi ma kuma sa'an wancan ne. Ki kawo ta in sa mata sabo."

"Ba za ta fita daga ɗakin nan ba."

Ya kalle ni kamar zai yi gardama. Ban tsaya yi masa bayani ba. Rigunan Tsoho an rabar, kujerarsa ƙanensa ya ɗauka, kekensa ma ban san hannun da ya faɗa ba. Kwamfutar kaɗai take nan inda ya ajiye ta da hannunsa. Ya ce zai iya zuwa gida, amma sai mako mai zuwa. Na ce faifan da ya rage ya yi maka alkawarin zai jira? Ya yi dariya, ya ɗauko sabo a cikin leda mai sheƙi.

"To ki ji da kyau, Mama. Ki cire mataccen, ki sa wannan a gurbinsa. Za ta tambaye ki wanne za ta kwafa zuwa wanne. Idan kika juya su, wanda babu komai a cikinsa za ta shimfiɗa a kan mai kayan. Kuma ba ta da a dawo baya."

Na dawo gida da azahar, rana ta cika ɗakin. Kafin in taɓa komai na kama ƙarfen taga, kamar yadda Tsoho ke yi, wai don wutar jikin mutum ta sauka kada ta ƙona kayan ciki. Shekaru na yi ina ce masa camfi ne. Ga ni yau riƙe da ƙarfen da hannu biyu, babu ma wanda zai yi mini dariya.

Na kwance murfin gefe, na tara ƙusoshin a kan maganaɗisun allurata, wanda dama a aljihun teburinsa na same shi bayan na yi wata da watanni ina nema. Ciki duk ƙura, na bi da tsohon burushi a hankali. Ga faifan nan biyu, ɗaya bisa ɗaya, launi ɗaya, girma ɗaya. Wanne ne mataccen? Mai shago bai faɗa ba, ni ma kaina bai kawo in tambaya ba.

Na zauna a bakin gado, raina a ɓace. Haushin mai shago nake ji, da na Auta, da na Tsoho da ya tafi ya bar ni da wannan aiki. Sai na tuna yadda nakan same shi a durƙushe, ya ɗora bakin sukudireba a kan wani abu, ya manna ƙotar a kunnensa kamar likita. Na kunna kwamfutar a buɗe, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa, na yi yadda yake yi. Na sama yana wani gurnani siriri, a natse, ba yankewa. Na ƙasa kuwa sai ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake.

Na kashe, na zare wuta daga bango, na cire wayoyi biyu da ke bayan na ƙasan, mai faɗi da siririya. Da na jawo shi na juya cikinsa, sai ga rubutun Tsoho da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, manya-manyan haruffa masu karkata: Tsohuwa. Na leƙa ƙarƙashin na saman, wanda ke da rai. An rubuta Tsoho.

"Kai dai ba ka da dama," na ce da ƙarfi. "Ni ce ma na riga ka?"

Na yi dariya har ta sarƙe ni, daga nan ta juye ta zama kuka. Na bar shi ya zo, don babu wanda zan ɓoye wa. Kewarsa ta kama ni a ranar fiye da ranar da aka fita da shi.

Da na share fuska na zura sabon a gurbin, na ɗaure ƙusoshi, na mayar da wayoyin. Siririyar ta ƙi shiga, na kusa danna ta da ƙarfi, sai na lura bakinta yana da 'yar lanƙwasa. Na juya ta, ta shige da kanta.

Na kunna. Tambayar ta fito kamar yadda mai shago ya ce, amma babu Tsoho babu Tsohuwa a allon, sai dogayen lambobi layi biyu, kusan iri ɗaya. Lambobin suna jikin kowane faifai, a wata 'yar takarda, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Tabarauna ya kasa. Na buɗe aljihun tebur na ɗauko nasa, wanda ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da zaren ɗinkina. Na haska da fitilar waya, na karanta ƙarshen lambar faifan Tsoho, na duba allo, na sake komawa. Na yi ta kai da komo har wuyana ya ƙage.

Tsoro ya kama ni sosai. Yatsana yana kan maɓalli, ina tunanin in na kuskure, gobe da safe gidan nan ba mai cewa uffan. Na so a ce akwai wani a bayana da zai ce e, haka ne, ko da bai san komai ba. Na yi bisimilla na danna.

Wani siririn layi ya fito, ya fara cika kamar ba ya so. Na koma kan keken ɗinki, na kasa ɗinka ko taku ɗaya. Na share ɗakin da na riga na share. A waje yara suka taso daga makaranta suka wuce, mai sayar da ruwa ya wuce, inuwar tagar ta bar tebur ta hau bango. Auta ba ta kira ba.

Bayan la'asar jan rubutun ya ɓace. Ban buɗe komai ba tukuna. Na kashe ta, na nemo makar Tsoho, ta kusa bushewa, na huhhura mata na rubuta Auta a jikin sabon faifan. Na mayar da murfi, na kunna, na kira ta.

"Umma, yi haƙuri, yanzu nake shirin..."

"Yi shiru ki ji."

Na ajiye wayar a gaban lasifika, na buɗe ɗaya daga cikin surutan Tsoho. Sai ga gyaran muryar nan tasa.

"Ɗaya, biyu. Ana ji na?"

Can na ji Auta, muryarta ƙasa-ƙasa kamar tana yarinya.

"Ana ji, Baba."

Shi kuwa ya ci gaba da maganar gwiwarsa. Daga can bayansa wata mata ta ɗaga murya daga kicin, cikin masifa, tana cewa shayi ya huce, kuma ita ba za ta sake ɗumamawa ba. Na waiwaya. Kofina na safe yana nan a gefen tebur inda na ajiye shi. Na ɗauka na sha a haka.