Akwatin Baƙo

Injin yana ta kuka a tsallaken titi, amma ba katako yake ci ba. Dogo ya san bambancin: in zarto ya shiga itace sai kukan ya yi kauri, in kuwa yana juyawa a banza sai ya siririce, ya dinga sukar kunne. Baƙo kuma ba mutumin da zai bar inji yana shan wuta a banza ba ne. Dogo ya ajiye guduma a kan kujerar da yake haɗawa, ya leƙo daga shagonsa.

"Baƙo! Kai, Baƙo! Yau wutar kyauta aka ba ka?"

Ba amsa. Ya tsallaka titin yana karkaɗe hannu a jikin wando. A bayan injin ya same shi, kwance a gefe guda tsakanin tarin katako da bango, dusar katako ta manne masa a kunci, bakinsa ya karkace, idonsa ɗaya a buɗe yana kallon ƙafar tebur. Dogo ya kashe injin. Shirun da ya biyo baya ya fi kukan tayar masa da hankali.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan shagunansu suna kallon juna. Baƙo ya zo garin yana saurayi, daga mutanen tsallaken kogi, da jakar kayan aiki da Hausar da ba ta cika cokali ba. A layin nan ya yi aure, ya haifi 'yarsa, ya rasa matarsa, ya yi furfura, amma sunan da aka laƙa masa ranar farko bai taɓa sauka daga kansa ba. Shi da Dogo kuwa kullum a cikin ƙwacen masu kawo aiki suke. Dogo yakan ce wa mutane kayan Baƙo ado ne kawai, damina ɗaya za su saki. Baƙo yakan ce kujerar Dogo sai an nemo ƙarti kafin a matsar da ita. Duk da haka Dogo ba shi da inji, a shagon Baƙo ake yanka masa katako. Baƙo kuwa da ya buɗe baki a kasuwar katako sai a ji harshensa a tsuga masa tsada, don haka Dogo ne yake sayo musu su biyu. In babban aiki ya faɗo, kamar bencinan makaranta, sai su raba, suna yi suna zagin aikin juna.

Haka ake har ranar da aka yi faɗa a tashar mota tsakanin direbobin gari da na tsallake. A kan layin lodi aka fara, aka ƙare da gawa. Wanda aka kashe ɗan unguwar nan ne. Cikin 'yan kwanaki mutanen tsallake suka fara ɗaure kaya, gida bayan gida. Baƙo ya ce ba inda za shi, shi bai taɓa tuƙa ko keke ba balle mota. Ba wanda ya taɓa shi. Aiki kawai aka daina kai masa, aka daina amsa masa gaisuwa. Shagon Dogo ya cika maƙil, har yana ajiye gadaje a bakin titi. In mai kawo aiki ya ce, "Ai gara a ba na gida," Dogo sai ya yi murmushi ya zaro fensir daga bayan kunne. Katakonsa ma da sassafe ya koma kai wa yanka, kafin layin ya cika.

Yanzu ga shi durƙushe yana tallafe da kan Baƙo. Ya fito da gudu. Motar haya tana tsaye a gindin bishiya, mai ita, wanda kowa ke kira Direba, yana goge gilashi.

"Direba, taimaka! Baƙo ya faɗi. Asibiti za mu."

Direba bai daina gogewa ba. Ƙaninsa ne aka kashe a tasha.

"Motar ba mai."

"Yanzu na gan ka ka dawo daga gidan mai."

"To, ba mai." Ya ninke tsumman a hankali. "Baba Dogo, ina ganin girmanka. Ranar da aka kwantar da ƙanina a kan kwalta, motar waye ta tsaya? Ya kira danginsa su ɗauke shi."

"Wannan bawan Allah shi ya yi wa ƙanin naka allon makaranta."

"Na sani. Kada ka sa in faɗi abin da ba na so."

Mutane sun firfito ƙofar shaguna, kowa ya harɗe hannu. Dogo ya dube su ɗaya bayan ɗaya, duk ya san iyayensu. Ya juya ya jawo amalanken da yake ɗaukar katako, ya shimfiɗa tsohuwar katifar wata kujera da aka kawo gyara, ya cicciɓo Baƙo shi kaɗai. Da suka faɗa ramin farko na titin, Baƙo ya yi nishi, bakinsa ya motsa. Dogo ya sunkuya.

"Dogo... a hankali. Ba katako... ka ɗauko ba."

"Rufe min baki. Katako ai ya fi ka daɗin ɗauka."

Wannan ce Hausa ta ƙarshe da aka ji daga bakin Baƙo.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, jini ya hau ya fasa wata jijiya a ka. Nas ta tambayi Dogo, "Kai wane ne nasa?" Ya ce, "Shagonmu ne yake kallon juna." Da Baƙo ya farfaɗo washegari sai ya kama magana, amma da yaren garinsu. Hausar da ya tara shekara da shekaru ta zube kamar ba a taɓa zuba ta ba. Ya riƙe hannun Dogo da hannunsa mai rai, yana ta maimaita wasu kalmomi, yana kallonsa, yana jiran amsa. Dogo ya lalubi kansa kaf, ya tarar abin da ya sani a yaren nan bai wuce "zo" da "ɓarawo" ba, su ma don tsokana ya koya. Sai ya dinga gyaɗa kai yana cewa, "To. To, na ji."

A gida matarsa ta ajiye masa abinci, ta zauna a bakin gado.

"Mai gida, ana magana fa. Yau a famfo ba wadda ta matsa min. Wai ka zama ɗan tsallake."

"Su faɗa."

"Ni ban ce ka daina zuwa ba. Matar Baƙo ce ta zauna da ni lokacin da na rasa ɗana na fari. Amma wanda ya ba ka aikin gadajen nan ya aiko a kwashe katakonsa."

Dogo ya tura kwanon gefe.

'Yar Baƙo ta iso daga garin da take aure tare da ƙanin mahaifinta. Ita a layin ta girma, Hausarta ba ta da maraba da ta 'ya'yan Dogo. Tana ganinsa a barandar asibiti ta durƙusa ta fashe da kuka.

"Baba Dogo, an ce a amalanke ka kawo shi."

"Tashi, 'yata. Shiga ki ji abin da yake faɗa. Ya dame ni da magana, ni kuwa kunnena na katako ne."

Ta shiga ta kara kunne a bakin uban, ta daɗe. Da ta ɗago sai ta yi wata 'yar dariya cikin hawaye.

"Wai akwai katako a bayan shago, a rufe shi kada ruwa ya dake shi. Wai rabinsa naka ne."

Ƙanin Baƙo kuwa bai miƙa wa Dogo hannu ba. Gajere ne mai kaurin wuya, an ƙona masa rumfa a rikicin tasha kafin ya gudu. Ya ƙare wa Dogo kallo daga hula har takalmi, ya yi magana da Hausa mai kauri.

"Kai ne kake tare da shi da ya faɗi?"

"Ni na same shi."

"Kai kaɗai. Ba wanda ya gani." Ya jinjina kai. "Mutum lafiyarsa lau, ya faɗi haka kawai. Kun kore mu, shi ya ƙi tafiya. Yanzu ga shago, ga inji. Mun san ku."

"Kawu!" in ji yarinyar. "Likita ya ce jini ne."

"Likitan ɗan ina ne?"

Ranar nan ƙanin ya je ya garƙame shagon Baƙo da sabon kwaɗo, ya sa makullin a aljihu. Dogo yana kallo daga tsallake. Da mutumin ya tafi, ya zagaya bayan shagon ya lulluɓe katakon da leda, ya danne da duwatsu.

Baƙo ya cika da hantsi, ana cikin sharar ɗakin marasa lafiya. 'Yarsa tana riƙe da hannunsa, Dogo yana tsaye a ƙarshen gado. Ba wani abu aka gani ba, numfashin ne ya yi ta nisa da juna har ya ƙi dawowa. Ƙanin ya ce gida za su kai shi, zai je ya nemo mota da akwati.

Dogo bai taɓa yin akwatin gawa ba, amma ya sha ganin Baƙo yana yi wa mutanensa. Ya koma shago ya sauko da katakon da ya daɗe yana ɓoyo a saman rufi, wanda ya ce sai auren autarsa. Bai nemi awo ba. Ya san inda kan Baƙo yake tsaya masa a kafaɗa. Da zarton hannu ya yanka, tunda inji yana kulle, gumi yana ɗiga a kan layin fensir. Ya goge kowane gefe har ya yi santsi, ya haɗa kusurwoyin yadda ko tsinke ba zai shiga ba. Masu wucewa suna ganin abin da yake haɗawa sai su kau da kai su ƙara sauri. Direba ya tsaya a bakin shagon, ya daɗe yana kallo.

"Nawa ƙanin a tabarma aka kwaso shi daga tasha," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. Bai jira amsa ba ya wuce.

Rana ta karkata lokacin da Dogo ya turo amalanken harabar asibiti. Motar ɗaukar gawa ta riga ta zo, mutanen tsallake kaɗan da suka rage a garin suna tsaitsaye. Ƙanin ya tare shi.

"Mene ne wannan?"

"Na ɗan'uwanka ne. Ba sayarwa na kawo ba."

"Mayar da abinka. Da ransa kun hana shi ci, yanzu za ka saka shi a cikin aikin hannunka ka ce ka yi kirki? Mu muke binne namu."

Yarinyar ta matso ta shafa murfin akwatin da tafin hannu. Ta yi wa kawunta magana da yarensu, a hankali da farko, sannan da ƙarfi. Ya daka mata tsawa, sauran mazan suka sa baki, ta janye hannunta daga murfin. Aka fito da Baƙo a cikin wanda suka sayo a kasuwa. Dogo bai so ya duba ba, amma idon kafinta ba ya jin magana: ɗanyen katako ne, an shafe shi da fenti mai ƙyalli, kusurwar wajen kai ta buɗe har ana hango farin ƙyalle, ƙusa ɗaya ta lanƙwashe an danne ta haka nan. Da Baƙo ne ya ga aikin nan, sai ya yi mako yana zagi.

Kafin ta hau mota yarinyar ta dawo wurinsa.

"Baba Dogo, ka yafe mana. Ka gaida Mama. Ban san ko zan ƙara zuwa ba."

"Ba komai, 'yata. Ku ce wa direban ya bi ramuka a hankali."

Motar ta fita. Ya juya amalanken ya kamo hanyar gida da akwatin a kai, mutane suna darewa suna ba shi hanya. Matarsa tana tsaye a ƙofar gida. Ta dubi akwatin, ta dube shi, ba ta tambayi abin da ya faru ba.

"Ba dai a nan zai kwana ba, mai gida. Yara za su tsorata."

Ya wuce da shi shago. Ya sauke shi a ƙasa, ya jawo ɗan benci ya zauna, ya ɗauki guduma ya juya bakinta. Kusurwoyin sun kama sosai, sai da ya yi da gaske kafin katakon farko ya saki. Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta lanƙwashe sai ya ɗora ta a kan dutse, ya bubbuga ta har ta miƙe, ya jefa a gwangwani. Layin ya yi tsit, ba abin da ake ji sai ƙarar ƙusa tana faɗawa a kan 'yan'uwanta.