Ɗingishin Shumkar

Wata bakwai ke nan da yi wa Shumkar tiyata, amma har yau in ya ɗora ƙafarsa ta gaba ta hagu a ƙasa sai ya fizgi kansa sama. Kowace safiya Mederbek yakan kama ragama ya ja shi daga barga zuwa wurin shan ruwa, yana tafiya da baya yana kallon ƙafar, ko Allah zai sa yau a ga canji. Taku ɗaya, taku biyu, kai ya fizga. Sai ya ja tsaki, ya ji kamar ya rufe dokin da duka, sannan kunya ta kama shi, don ba dokin ne ya kai kansa filin wasa ba.

Shumkar akawal ne mai faɗin ƙirji, kuma duk kwarin At-Bashi babu ɗan wasan kokboru da bai ɗanɗani ƙirjin nan ba. In mahaya suka cure suna ƙwacen gawar akuya, Mederbek ko bulala ba ya ɗagawa. Dokin da kansa yake kutsawa, ya tsaya daidai inda hannun ubangidansa zai kai ƙasa. A wasan bikin bazara ne wani ingarma ya take shi a gaɓar da ke saman kofato, ƙashi ya ɓantare a ciki. Mutane suka ce a yanka tun da sauran kitse a jikinsa. Mederbek ya toshe kunne, ya loda shi a mota har babban birni Bishkek, inda wata likitar dabbobi mai suna Saltanat ta huda gaɓar ta cire ɓarɓashin. Ta ce wata biyu a barga, babu fita. Bayan nan ya fita kiwo, amma kada a kuskura a bar shi ya yi gudu.

Duk abin da ta ce ya yi, har da wanda ba ta ce ba. Allura a kan lokaci, ruwan kogi mai sanyi safe da yamma, kitsen jelar tunkiya da matarsa Burul ke narkawa ana shafawa. Da kowa ya kwashi dabbobinsa ya hau tsauni kiwon rani, shi ya zauna a gari. Wata biyun na cika ya fito da dokin fadamar bayan gida, ya sa masa dabaibayi kamar yadda ake yi wa duk dokin da ba a so ya yi nisa. Kowace Juma'a ya ja shi da ragama a tsakar gida, Burul ta ɗauki bidiyo a waya a tura wa likita, ita kuma ta ce a ƙara haƙuri. Haƙuri kam ya ƙara har ya rasa inda zai zuba shi.

Ran nan yayansa Saginbek ya shigo shan shayi. Gidajensu biyu ne amma ingiricinsu ɗaya, naman da suke ci duk lokacin sanyi ma ɗaya. Sai da ya shanye kofi biyu sannan ya ce, "Ka leƙa ingirici kuwa?"

"Na leƙa, Baike," in ji Mederbek, don haka ake kiran yaya, ko duk namijin da ya girme ka, a wurinsu.

"To ka ga abin da na gani. Bana ciyawa ba ta yi ba. Doki ɗaya za mu yanka na sanyi kamar kowace shekara. So kake in yanka goɗiya mai ciki, in bar gurgu yana cinye mana sha'ir?"

"Ba gurgu ba ne. Warkewa yake yi."

"Tun ina da baƙin gashi yake warkewa. Jiya jakin maƙwabci ya zo ya wuce shi, har yana waiwaye." Burul ta rufe baki da gefen ɗankwali. Saginbek ya ajiye kofin, wasa ya bar fuskarsa. "Na san abin da dokin nan yake a wurinka, ƙanina. Amma ranar da dusar ƙanƙara ta kwana a tsakar gida ba ta narke ba, ranar za a yi."

Ba a ja da babba a gaban mata. Saginbek na fita Mederbek ya kira likita, ya yi ta magiya kamar mai neman aure. Ta ce da ma za ta zo garin Narin da ke kusa da su duba wani doki, za ta biyo ranar Alhamis.

Ta zo da injin ɗaukar hoton ƙashi a bayan mota. Ta tsuguna ta shafa gaɓar, ta lanƙwasa ta, dokin ya yi nishi. Ta ɗauki hoto, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗago.

"Baike, wannan ba ciwon da na yi wa aiki ba ne. Wurin aikin ya warke. Gaɓar nan an daɗe ana dukanta. Wa yake hawansa?"

Ran Mederbek ya ɓaci. "Ƙanwata, tambayi duk garin nan. Sirdina har ɓera ya haihu a ciki. Ko sassarfa bai yi ba tunda ya bar hannunki."

"To nuna mini yadda yake wuni. Daga farko."

Ya ja dokin zuwa fadama yana huci, ita tana biye. Ya zaro igiya daga ɗamararsa. Kafin ma ya sunkuya Shumkar ya haɗa ƙafafunsa na gaba wuri ɗaya, ya saba. Mederbek ya ɗaure, ya cire ragama, ya ɗan daki kuturinsa. Dokin ya hango ciyawa can gaba. Ya ɗaga ƙafafun gaba duka biyu, ya yi tsalle, ya sauko da dukan nauyinsa a kan ƙasar da sanyi ya ƙandare, dim. Ya ciji ciyawa sau biyu, ya sake tsalle, dim.

Saltanat ta dafe kai. "Tun yaushe?"

"Tun fitowarsa. Ke kika ce kada ya yi gudu."

"Sau nawa yake wannan tsallen a wuni?"

Mederbek bai taɓa ƙirgawa ba. Tun kafin ya iya magana yake ganin dawakai masu dabaibayi suna tsalle haka, ubansa haka yake yi, kakansa ma haka. Abin da mutum ya buɗe ido ya tarar ba ya kallonsa. Wata biyar yana zaune a bakin fadamar nan yana jin wannan dim ɗin, yana jin daɗi wai dokinsa ba ya gudu.

"Ni ma da laifina," in ji ta a hankali. "Kamata ya yi in ce ka kafa masa ɗan shinge. A bidiyon kullum da ragama nake ganinsa, ban yi tunanin igiya ba." Ta nuna masa hoton. "Guringuntsin ya cinye, ƙashi ne ke goga ƙashi. Ba zai sake wasa ba. In sanyi ya kama sosai, tsayuwa ma azaba za ta zame masa."

"Da na sake shi haka nan fa, ba igiya?"

Sai da ya matsa mata sannan ta ce, "Da ya taka a hankali. Doki ya san ciwonsa."

Bayan ta tafi ya kwance igiyar ya cilla a murhu, sai ka ce igiyar ce ta ɗaure kanta. Takaici ya hana shi cin abinci kwana biyu. Ga abin haushi, ba shi da wanda zai zaga. Bai gaya wa kowa ba, har Burul, ya dai ce likita ta ce babu dama. Ya kafa shingen da ya kamata ya kafa tun rani, Shumkar ya tsaya a ciki da ƙafa uku.

Kwana tara bayan nan aka wayi gari tsakar gida fari fat, rana ta fito ta kasa narkar da komai. Da hantsi Saginbek ya zo da maƙwabta huɗu. Yau babu zolaya. Ya ja ƙanin nasa gefe ya ce, "In kana so ka tafi gidan surukanka, mu za mu gama."

"A'a. Ni zan riƙe shi."

Ya fito da dokin, taku ɗaya, taku biyu, har bayan barga. Mutanen suka ɗaga hannu aka yi addu'a, aka shafa. Saura kalmomin da mai dabba yake faɗa mata kafin wuƙa, waɗanda ko yaro ya sani: ba ka da laifi, mu ne ba mu da abinci. Mederbek ya ɗora tafinsa a wuyan Shumkar, wuyan da ɗumi.

"Ba ka da laifi," ya ce, sai ya tsaya.

Aka jira. Saginbek ya zaci mantuwa ce, ya raɗa masa, "Mu ne ba mu da abinci."

"Ba zan yi masa ƙarya ba, Baike." Ya juya ga dokin, ya ɗaga murya yadda duk za su ji. "Aikin da aka yi maka ya yi kyau, da tuni ka warke. Ni ne na gurgunta ka, da hannun nan, kullum safe, kai kuma kana miƙo mini ƙafa."

Ya miƙa wa yayansa ragamar, amma bai ɗauke hannunsa daga wuyan ba har aka gama.