Ƙaurin Birki a Gindin Dutse

Giya Biyu ake ce masa, don shekara talatin yana sauko da tirela daga kan dutse da giya ta biyu, kuma duk direban da ya iso ƙasa birkinsa na ƙauri sai ya sha baƙar magana a bakinsa. Bakin nan kuwa ba ya gajiya.

Da kamfani ya sayo motoci masu otomatik, aka ce kowane direba ya zauna kwana uku ya koya, sannan a gwada shi a gangarar. Wanda ya faɗi, a mai da shi jigilar cikin gari. Giya Biyu ya ƙi zuwa ajin. Ya ce motar ragwaye ce, mai canza wa kanta giya, me za a koya masa? Gaskiyar ita ce mai koyarwar mijin 'yarsa ne, kuma ba zai zauna a benci surukinsa na nuna masa allo ba.

Ranar gwaji suka hau da buhunan siminti, surukin a gefe riƙe da takarda. Hawa ya tafi lafiya lau, har Giya Biyu yana tsaki. Da suka juyo gangara, motar ta fara ƙara wa kanta giya. Ya kai ƙafar hagu neman kuloci don ya rage giya, ta daki ƙasa, don motar ba ta da shi. Ya sake, ta sake dakan ƙasa. Sai ya yi abin da ya zagi mutane a kai shekara talatin: ya kwanta a kan birki.

"Baba, da an ja sandar rage gudun nan ta bayan sitiyari," in ji surukin, murya ƙasa ƙasa.

"Na sani."

Bai sani ba. A lanƙwasa ta uku birkin ya yi laushi, hayaƙi ya cika madubi. Surukin ya ce, "Baba, a gafarce ni," ya miƙa hannu ya ja sandar har sau uku. Injin ya yi ruri, motar ta rage gudu.

Kafin su tsaya a garejin da ke gindin dutsen, ƙaurin ya riga su isa. Direbobi suka taso suna toshe hanci. Surukin ya diro da sauri ya ce shi ne ya sauko da ita, a ƙofar garejin suka yi canjin kujera. Aka fashe da dariya.

"Kai mai koyarwa? Giya Biyu, ka taimaka ka koya wa surukinka mana!"

Giya Biyu ya yi murmushi. Wannan murmushin ya fi ƙaurin ba shi kunya. Yana kallo surukin ya sunkuyar da kai, ya ɗora takardar a kan taya zai sa hannu cewa Giya Biyu ya ci gwajin.

Giya Biyu ya cafke biron.

"Ni na tuƙo," ya ce, da ƙarfi yadda na can bayan ma za su ji. "Rubuta na faɗi."

Dariyar ta mutu. Ya kasa duban kowa, sai tayar da ke hayaƙi.

"Ajin nan naka, Malam," ya ce, "ƙarfe nawa ake shiga?"