Kafasiton Zumuntar Mata

A shekarar 1992 Rufus yana da shagon gyaran rediyo kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. Kullum da safe Malam Meshak, tsohon hedimasta, yakan zo ya mamaye bencin shagon, yana taɓa wannan, yana gyara wa Rufus magana a gaban masu kawo aiki.

Ran nan Mama Afiniki, shugabar zumuntar mata, ta kawo amfilifaya, na'urar ƙara sauti ta cocinsu. Ta ce da an kunna sai ta yi ta gurnani, har ba a jin waƙa.

Rufus ya buɗe, ya nuna mata wani ɗan gwangwani da ya kumbura. "Kafasito ne, Mama. Shi ke tara wuta yana tace ta. Ruwan cikinsa ya bushe."

"Wannan ai aikin minti biyu ne," in ji Malam Meshak. "Kimiyya na koyar kafin a haife ka. Miƙo sabon."

Rufus ya miƙa masa, har da dalmar liƙawa. Irin wannan kafasiton ƙafa biyu gare shi, doguwa da gajeruwa, kowace da raminta. Rufus yana kallo Malam ya juya su, ya sa kowace a ramin da ba nata ba. Rufus ya buɗe baki zai gargaɗe shi, sai ya fasa. Ya ja baya sannu a hankali har bakin ƙofa.

"Kunna!" Malam ya ce, ya kuma kunna da kansa.

Gurnanin ya ƙaru. Can sai tau! Hayaƙi mai wari ya tashi, guntayen takarda suka watsu a tabaransa da sanƙonsa. Malam ya yi tsalle ya haye benci yana kiran Yesu.

Mama Afiniki ba ta yi dariya ba. Ta kama kunnen Rufus. "Na gan ka kana sulalewa. Ka sani ke nan! In da idonsa ya samu fa?"

"Yana da tabarau, Mama."

Ta ƙara murɗa kunnen. Dole ya ba Malam haƙuri, ya share masa kai da tsumma, sannan ya sa wani kafasiton daidai. Amfilifaya ta tashi lafiya lau.

Washegari Malam Meshak ya dawo bencinsa. Rufus na jin sa yana gaya wa wani direba cewa da gangan ya fasa abin, don ya nuna wa matasa haɗarin wutar lantarki.