Canjaras a Zagayen Ƙarshe

Tun kafin a fara zagayen ƙarshe na gasar ces, wato darar Turawa, ta Kontagora, kowa a zauren ya san yadda abin yake: in Na'Allah da Lukuman suka yi canjaras, su biyun za su wuce gasar jiha a Minna, Haggai ɗan Rijau kuwa ya koma gida. Ga shi kuma Na'Allah da Lukuman aminai ne, kullum da yamma tare suke bugawa a shagon ɗinkin Lukuman.

Abin ya tsaya wa Na'Allah a rai. Da suka gaisa ya ce a hankali, "Malam Lukuman, yau fa ba sani ba sabo."

"Da ma haka nake so," in ji Lukuman.

Ba a jima ba Na'Allah ya ba da dokinsa don ya fasa garkuwar sarkin Lukuman. Lukuman ya daɗe yana kallo, sannan ya cinye dokin. Daga nan ya toshe ko'ina, ya shiga tura soja ɗaya gaba, har ya rage masa taku guda ya zama sarauniya.

Haggai ya ci nasa wasan, ya zo ya tsaya a bayan Na'Allah, hannuwa a harɗe. Na'Allah yana jin numfashinsa a ƙeya. Gumi ya jiƙa masa riga, lokacinsa a agogo ya kusa ƙarewa.

Sai ya hango mafita: ya riƙa kai wa sarki hari da sarauniya, sarki ya kauce, ya sake bin sa, ba iyaka. Canjaras ke nan. In ya yi, za a ce haɗin baki ne. In bai yi ba, ya faɗi. Ya ɗauki sarauniyar, ya kai hari.

Da suka maimaita sau uku, alƙalin wasa ya tsayar da agogo. Aka fara ƙus-ƙus a bayan zaure.

Haggai ya ja kujera. "Ku mayar mini da 'ya'yan wasan yadda suke ɗazu."

Suka mayar. Ya gwada wa Lukuman wata hanya, ta toshe. Ya gwada wa Na'Allah, sarkinsa ya mutu. Ya sake gwadawa.

"Babu wata hanya sai canjaras," ya ce daga ƙarshe, ya miƙe. "Amma dokin nan, Na'Allah, ka yi ganganci."

Ya ba su hannu, ya fita neman motar Rijau.